Kada Takardar Ɗiyarki Ta Tsufa A Ƙasan Akwati

Iyayena da 'yan'uwana mata na Yauri, Ngaski da Shanga, shugabannin mata na mazaɓu da na rumfuna: Yau ba maganar taro ko anko na zo da ita ba, maganar karatun ɗiyanmu ce. Don Allah a karanta har ƙarshe, wadda ba ta karatun boko a karanta mata.

Duk shekara abu guda muke gani. Yarinya ta gama sakandare, ta ci JAMB, sunanta ya fito a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar Aliero, ko kwalejin Adamu Augie ta Argungu, ko Waziri Umaru. A yi murna kwana biyu. Ana zuwa kan kuɗin rajista sai gida ya yi tsit. Uba ya ce a jira a cire albasa, ko a ga yadda kasuwar kifi za ta kaya. Kafin a ankara an rufe rajista, takarda ta koma ƙasan akwati. Idan kuma ɗan abin da ke hannu na mutum ɗaya ne, kowa ta san wa ake ba: namiji.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wadda ɗiyarta ta samu gurbi a makarantar gwamnati kuma babu halin biya, ta sa ta nemi bashin karatu na NELFUND, kada ta ji nauyi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Muna cin bashi don kayan ɗaki da gara, na ilimi ne za mu ji kunyarsa?

Ga yadda abin yake. Dokar farko ta 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai an kawo masu tsayawa mutum biyu, kuma sai abin da gidan ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Ina ɗiyar masunci daga Wara za ta samo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya mata? A watan Afrilun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka, aka cire waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye ga makarantar, ba ya bi ta hannun kowa. Ɗalibin da ya nemi kuɗin kashewa kuma ana sa masa naira 20,000 a wata a asusunsa. Abin da ake buƙata: lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, takardar samun gurbi, da lambar ɗalibi ta makaranta.

Na san tambayar da ke ran da yawa daga cikinku, domin ni ma 'yar Islamiyya ce: babu riba a ciki? Babu kuɗin ruwa ko kwabo, abin da aka ba ki shi za ki mayar. Sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a. Dokar ta kuma tanadi yafewa idan rai ya yi halinsa. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta kai wa malaminta waɗannan sharuɗɗa yadda suke ta ji fatawa, kada ta tsaya kan "an ce".

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wannan bashi ne, kada wata ta hau mumbarin kamfen ta ce kyauta ce. Kuma ba da katin jam'iyya ake samu ba. Ɗiyar maƙwabciyarki 'yar adawa tana da haƙƙi daidai da taki, ki sanar da ita. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sa sunan ɗiyarki, ɗan damfara ne. Neman kyauta ne, sai dai ladan mai kwamfuta idan shi ya cike mata. Kada a ba kowa lambar sirri ta kati.

Inda gizo ke saƙa shi ne kafin bashin ya iso. NELFUND ba ta biyan kuɗin fom ɗin JAMB, ba ta biyan kuɗin amsa gurbi, ba ta biyan kuɗin mota daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi, balle katifa da ɗan risho. Sai yarinya ta zama ɗaliba tukuna take iya nema. A wannan ɗan tsakanin ne mafi yawan ɗiyanmu ke faɗuwa. Wani lokaci ma kuɗin kan yi jinkiri har sai an nemo an biya. Idan haka ta faru a adana rasit, domin haƙƙin ɗaliba ne makaranta ta mayar mata idan nata ya shigo.

Sai matsalar suna. A NIN Hauwa'u, a WAEC Hauwa, a banki kuma an sa sunan kaka maimakon na uba, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Kwamfuta ba ta san "ai ita ce" ba, watsi take yi da takardar. Tun yarinya tana aji biyar na sakandare a duba wannan a gyara. A buɗe mata asusun banki da sunanta, ba na yayanta ba. A karɓo mata takardar shaidar ƙaramar hukuma ma, don neman tallafin hukumar karatu ta jiha.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kowace shugabar mazaɓa ta rubuto mana sunayen 'yan matan da suka samu gurbi amma suna gida. A kowane adashi namu a ware kwasa ɗaya a shekara don kuɗin amsa gurbi da na mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kansilolinmu, ciyamomi da 'yan majalisa kuma, idan sun zo da atamfa da sabulu mu karɓa mu yi godiya, sannan mu miƙa masu wannan jeri. Mu ne muke cika layi ranar zaɓe, muna da bakin tambaya. Idan za a raba fom ɗin JAMB, rabi na mata.

Ban manta da tsoro ba. Abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021 har yanzu yana zukatanmu, kuma ba na ganin laifin uwar da gabanta ke faɗuwa. Tsaro haƙƙinmu ne a kan hukuma, mu ci gaba da nemansa da ƙarfi. Sai dai idan muka kulle ɗiyanmu a gida, wa zai karɓi haihuwa a asibitocin Shanga da ƙauyukan bakin ruwa nan da shekara goma? Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo kafin ya hau gadon sarauta. Ƙasar da sarkinta malamin jami'a ne bai dace 'yan matanta su tsaya a sakandare saboda kuɗin rajista ba.

A tura wa kowace uwa. Jerin sunayen nan ina jiran sa kafin taronmu na gaba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Taku,
Shugabar Mata