Allura Ta Kwanta, Amma Wa Ya Ji Ka?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ya san akwai wuraren da sabis ɗin waya ke ɗaukewa ɗif. A irin waɗannan wurare ne oba-oba ke da daraja. 'Yan sintiri da masu gadin gonaki sun fi kowa sanin haka, kuma tunda ƙananan rediyoyin nan irin su Baofeng suka yi araha, wanda bai taɓa tsammanin riƙe ɗaya ba ma yanzu yana iya saye. Idan aka zo maganar kafa eriya a saman ofis ko gidan mai unguwa kuwa, mu 'yan sashen lantarki ake nema, don an ji muna karatun abin. Shi ya sa nake son mu yi maganar wata lamba da muka mayar kamar ita ce komai, wato SWR.

Kun san yadda ake yi. A ɗaura eriya, a jona mita tsakanin rediyo da waya, a danna maɓallin magana, kowa ya zuba ido. Idan allura ba ta motsa ba sai ka ji an ce "ta kwanta", ko "wan-tu-wan ce, Oga, ba sauran magana". Idan ta ɗan ɗaga zuwa 2 sai hankali ya tashi: "wuta na dawowa, fainal zai ƙone". Daga nan sai a karɓi kuɗi ko a fara yanke-yanke. Ni a ganina duka biyun akwai gyara, kuma na farkon ya fi haɗari.

Me mitar take aunawa ne ma? Ku tuna yadda igiyar ruwa ke bugun bangon madatsar Tiga ta komo baya ta haɗu da mai tahowa. Haka siginar rediyo take a cikin waya. An ƙera rediyon da wayarsa a kan om 50. Idan eriyar ma om 50 ce, ƙarfin da aka tura zai shige gaba ɗaya. Idan ba su dace ba, wani kaso zai komo, ya gauraya da mai tafiya, sai a samu wuraren da bolteji ya yi sama da wuraren da ya yi ƙasa a tsawon wayar. Ka raba mafi girma da mafi ƙanƙanta, ka samu SWR. Shi ke nan. Lambar tana gaya maka ko eriya ta karɓi abin da aka miƙa mata. Abin da eriyar ta yi da shi bayan ta karɓa, mita ba ta da labari.

Kason da ke komowar ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 1.5, kashi 4 cikin 100 ne. A 2, kusan kashi 11. Sai an kai 3 ne yake zama kashi 25. Mutumin da ke sauraronka a Kiru ba zai taɓa gane bambancin 1.2 da 1.8 da kunnensa ba, amma za ka ga ɗan uwanmu ya ɓata yini guda a kan rufin kwano cikin rana yana neman sauko da 1.4 zuwa 1.1. Wani injiniya Ba'amurke, Walter Maxwell, ya yi ta rubutu a kan wannan ruɗani a mujallar QST tun shekarun 1970, har ya tattara shi a littafi a 1990. Ashe ba mu muka fara ba.

Ga abin da ya fi damuna. Ɗauki rezista mai om 50, irin wadda ake gwajin rediyo da ita a ɗakin gwaji, ka jona ta a madadin eriya. Mita za ta ba ka 1:1 cif, allura ko gezau. Amma ƙarfin duka ya zama zafi, na bayan katanga ma da ƙyar ya ji ka. To doguwar waya mara kyau aikin da take yi ke nan a ɓoye. Siririyar wayar nan RG-58 da ta cika kasuwa, idan ka ja mita 30 nata a kan megahaz 145, abin da ke isa eriya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wani lokaci ɗaya cikin huɗu. Wanda ya komo kuma sai ya sake bin wannan doguwar hanya, ta sake cinye shi, kafin ya iso mita ya zama ɗan kaɗan. Ku yi lissafin da kanku: ko da eriyar ta cire gaba ɗaya a can sama, mitar da ke ƙasa za ta iya nuna ƙasa da 2. Wato iska ta tsinke haɗin, kai kuma kana ƙasa kana cewa Alhaji aiki ya yi kyau.

Haka idan damina ta wuce ka dawo ka tarar SWR ta "gyaru" da kanta, kada ka yi murna. Sau da yawa ruwa ne ya shiga ta bakin jonin ya jiƙa cikin wayar, ta ƙara cin ƙarfi.

Sai batun yanke waya. Akwai masu rantsuwa cewa sai an datse waya zuwa wani tsawo na musamman kafin allura ta kwanta. Idan wayar om 50 ce kuma an haɗa komai daidai, tsawonta ba ya gyara rashin dacewar eriya. In ka datse taku ɗaya ka ga lamba ta canja sosai, ko dai sigina na bin bayan wayar tana gangarowa, ko kuma wayar dish ce mai om 75 aka sa, wadda da ita mita kan nuna komai daga 1 har wajen 2.2 gwargwadon tsawo. Ita wayar dish ɗin ma, da ake yi wa kallon haram, ta fi RG-58 riƙe ƙarfi nesa ba kusa ba. Matsalarta kan jonin ne da wuyar kama dalma.

Abin da ke kai murya nesa a waɗannan mitoci shi ne tsayi, domin siginar kusan a miƙe take tafiya. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi: ka ɗauki tushen murabba'in tsayin eriya a mita, ka ninka da 4, ka samu kilomita a fili mai shimfiɗa. Oba-oba a hannu, kusan kilomita 5. Eriya a kan fol mai mita 9, kilomita 12. Mai mita 16, kilomita 16. Wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta wajen Bebeji ke nan. Da ka nufi Riruwai, inda duwatsu suka tare ko'ina, dutse ɗaya tsakaninka da abokin maganarka ya isa ya rufe ku, ko allurarka ta kwanta har ta yi minshari.

Wani zai ce to a jefar da mitar ke nan? A'a. Danna magana babu eriya, ko da waya da ta haɗe a ciki, na iya ƙona fainal da gaske, kuma rediyoyi da yawa suna rage ƙarfinsu da kansu idan SWR ta yi sama. Mita ce ke kama irin wannan. A auna, amma a auna a gindin eriya, kuma in an samu ƙasa da 2 a bar ta haka a koma kan waya da fol. A kuma tuna cewa ba kowane mita ne na kowa ba: waɗannan ƙananan rediyoyi na iya hawa layin da aka keɓe wa jami'an tsaro, kuma masu sha'awar rediyo na ainihi a Najeriya lasisi suke da shi, da lambar kira mai farawa da 5N.

Mutumin da ya biya ka kuɗin kafa eriya a bakin Falgore bai san om ba, bai san SWR ba. Abin da ya sani shi ne idan wani abu ya taso da ƙarfe biyun dare zai danna ya kira, kuma ya yarda da kai cewa za a ji shi. Saboda haka kafin ka naɗe kayan aikinka, ka ɗora mutum a babur da oba-oba a hannu, ya je can rugar ƙarshe da ake son a riƙa ji, ya tsaya a kwari ba a kan tudu ba, ya kira. Ka rubuta wuraren da aka ji da wuraren da ba a ji ba, ka karanta wa shugaban 'yan sintirin a gaban mutanensa, sannan ka miƙa masa takardar.