Karatun Fada Ba Takardar Sallama Daga Ƙauye Ba Ce

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a cikin Ekklisiyar Katolika a ƙasashen Afirka, wadda kowa ya gani amma ba a cika faɗinta a fili ba. Idan aka naɗa saurayi firist, sai a tura shi ƙauye, wai ya ɗanɗana wahala. Bayan shekara uku ko huɗu, in an ga yana da kai, sai a aika shi ƙarin karatu, ko Roma, ko Yawunde, ko Abijan. Daga ranar nan ƙauye ya yi ban kwana da shi. In ya dawo, ofishin bishop ko babban coci na birni yana jiransa. Wani ma ba ya dawowa sam. Haka ƙauye ya zama wurin horo, karatu kuwa ya zama lada. Wannan tsari ya saɓa wa ma'anar kira, kuma talakawa ne ke biyan kuɗinsa.

Ba wai karatu ne abin zargi ba. Ekklisiya tana bukatar malaman da za su koyar a seminari, da masanan dokokinta, da waɗanda za su fassara Littafi Mai Tsarki cikin harsunan jama'a. Abin tambaya shi ne, wa aka yi karatun domin sa? Yaron nan daga ƙauye ya fito. Baikon tsofaffin mata, da damin geron da manoma suka kawo ran godiyar kaka, suna cikin abin da ya ciyar da shi a seminari. In ilimin ya nuna, aka hana waɗanda suka shuka shi su ɗanɗana, ai rijiya ta ba da ruwa ke nan guga ya hana.

Roma kanta ta lura da wannan ciwo. A shekarar 2001, Majalisar Yaɗa Bishara ga Al'ummai, a ƙarƙashin Kadinal Jozef Tomko, ta fitar da umarni game da firistocin ƙasashen mishan da ake aikawa waje. Dalilin umarnin shi ne yawan waɗanda suke tafiya Turai da Amurka da sunan karatu, su zauna can. An umarci bishop ya ƙayyade fannin karatu da lokacin dawowa, a kuma rubuta yarjejeniya da bishop ɗin da zai karɓi baƙon. Ba a kafa doka sai da dalili.

Masu cewa mai ilimi ya fi ƙarfin ƙauye, sai su dubi arewacin Kamaru. Simon Mpeke yana cikin firistoci takwas na farko 'yan Kamaru da aka naɗa a 1935. Ya shugabanci babbar majami'ar New-Bell a birnin Duwala, ana ganin girmansa ƙwarai. A 1959, ya haura shekara 50, sai ya bar wannan duka ya nufi arewa, ya zauna a Tokombere a gindin duwatsun Mandara, cikin mutanen da aka daɗe ana rainawa. Yakan hau duwatsu ba takalmi, yana sauraron dattawa, yana roƙon iyaye su sa 'ya'yansu makaranta. Jama'a suka sa masa suna Baba Simon. Ya rasu a 1975, kuma a 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, wanda mataki ne a kan hanyar zama waliyyi.

Wanda ya bi sawunsa ma ya fi zama hujja. Jean-Marc Ela ya sami digirin dakta a ilimin tauhidi a Sitrasbur ta ƙasar Faransa a 1969. Da ya so, kujerar jami'a ba za ta gagare shi ba. Amma ya tafi Tokombere wurin Baba Simon, ya yi fiye da shekara 10 yana aiki cikin manoma. A nan ne ya gane cewa ba a raba wa'azi da zancen rumbun hatsi, da ruwan sha, da haraji, da audugar da ake sa mutane nomawa alhali tuwo bai ishe su ba. Daga zaman gindin bishiya da mutanen ƙauye ne littattafansa suka fito, ciki har da L'Afrique des villages na 1982, wato Afirka ta ƙauyuka. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ƙauye bai ci iliminsa ba. Ƙauye ne ya ba ilimin haƙora.

To, ana kawo uzuri iri uku. Na farko, wai Turai ma tana ƙarancin firistoci. Gaskiya ne, amma a can tsohuwa takan shiga mota ta kai wata majami'a cikin minti kaɗan, a nan kuwa akwai ƙauyukan da katikis ke riƙe da su wata da watanni ba su ga Fada ba, marasa lafiya suna mutuwa ba shafewa. Na biyu, wai wanda ke waje yana aiko kuɗi. Kuɗi yakan gina ɗaki, amma ba ya jin ikirarin zunubi, ba ya zama da gwauruwa ran makoki. Na uku, wai ƙauye akwai haɗari. Wannan ba a musunsa. 'Yan bindiga sun sace Fada Georges Vandenbeusch kusa da iyakar Nijeriya a arewacin Kamaru a 2013, sun kuma ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga ta Nijar a 2018, sai 2020 ya sami kansa. Dole bishop ya kare ran ma'aikatansa. Amma al'adar gudun ƙauye ta girmi 'yan bindiga nesa ba kusa ba, bai kuwa kamata a laɓe bayan masifa a ɓoye son jin daɗi ba.

Gyaran yana hannun kowa. Bishop ya zaɓi fannin karatu bisa ga bukatar garken, ba bisa ga son ran mai tafiya ba, ya kuma sa a rubuce cewa bayan dawowa akwai shekarun hidima a karkara. Ya daina tura wanda ya yi laifi ƙauye, domin talakawa ba kurkuku ba ne. A ba Fadan ƙauye babur mai lafiya, da kuɗin mai, da magani, kada talauci ya kore shi. A buɗe wa katikis ma ƙofar karatu, tun da shi ne ke kwana da garken. Masu bi kuma su daina yi wa mai digiri babbar shimfiɗa suna kallon Fadan ƙauye kamar wanda ya faɗi jarrabawa.

Yesu Almasihu ya ce an aiko shi ne ya kai wa matalauta bishara, kuma yawancin hidimarsa a ƙauyukan Galili ya yi ta. Wanda ya amsa kiransa ya amsa ne da wannan sharaɗi. Firist ya tafi Roma ya yi karatu iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya ba da sa'a. Amma in ya gama, ya ɗaura littattafansa a bayan babur ya koma wurin masu geron da suka yi renonsa.