Miƙa makulli ba ya mallakar da mota

 

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Rikoto da sassafe zai ga motocin haya suna fita maƙare da fasinja da buhunan dawa, wasu sun nufi Dabai da Mahuta har Koko, wasu sun yi Ribah, wasu kuma sun kama hanyar Rijau zuwa Kontagora. Mafi yawan masu riƙe da sitiyarin matasa ne. Amma da za a tsayar da ɗayansu a ce masa, Malam, motar nan ta wa ce, sai ya yi jim kafin ya amsa, don kuwa amsar tana da tsawo. A takarda ta wani Alhaji ce. Yayansa da ke aikin soja a Kudu shi ya zuba kuɗin farko. Shi kuma yake kai balas duk mako, bisa alkawarin in an gama biya motar ta bar hannun Alhaji. To in ta bar hannun Alhaji ta faɗa hannun wa, yayan ko ƙanen? Wannan ita ce maganar da ba a taɓa zama aka yi ta ba.

Mutanen ƙasar Zuru ba baƙin jiran abu da gumin goshi ba ne. Sun san golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Sai dai shi golmo a idon gari ake yin sa, kowa ya san damina nawa aka yi, saura nawa. Golmon mota kuwa daga mai ita sai direba sai wani ɗan littafi da ke aljihun mai ita, wanda shi kaɗai ke rubutu a ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi warwas a watannin da suka biyo baya, sayen mota kuɗi hannu ya gagari ɗan talaka, wannan hanya ta biya sannu a hankali ta zama kusan ita kaɗai ce ƙofa. Wani abin kuma da ya biyo baya shi ne, motar da aka yi cinikinta kafin faɗuwar Naira ta wayi gari kuɗinta ya haura abin da aka yi yarjejeniya a kai nesa ba kusa ba. Nan ne zuciyar mai mota ke fara raya masa ya nemi dalilin ƙwacewa ana dab da gamawa, nan ne kuma idon dangi ke buɗewa.

Abin da ya kamata ɗan uwa ya fara ganewa shi ne, muddin akwai sauran ko sisin kwabo a irin wannan yarjejeniya ta haya, motar ba tasa ba ce. Manzon Allah (S) ya hana mutum ya sayar da abin da ba ya hannunsa, kuma ba a yin kyauta da kayan wani. Wanda ya ce wa ƙanensa na ba ka motar nan alhali saura wata shida a gama biya, alkawari ya yi masa, bai ba shi komai ba tukuna. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya: wanda ya karɓi mota daga hannun mai hayarta kafin a kammala biya, mai ita na asali yana da ikon ya bi ta ya karɓe.

Akwai dokar da aka yi tun 1965 a kan irin wannan ciniki, wadda direbobi kaɗan ne suka taɓa jin labarinta. Ta ce dole yarjejeniyar ta zama a rubuce, mai haya ya sa hannu, a bayyana kuɗin motar in da kuɗi hannu za a saya da kuma jimillar abin da za a biya sannu a hankali, a kuma ba shi kwafinsa cikin kwana 14. Ta kuma ce idan mai haya ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, to mai ita ba shi da ikon ƙwace ta da ƙarfin tsiya, sai ta hanyar kotu. A ce jimillar kuɗin Naira miliyan 5 ne, wanda ya kai miliyan 3 ya tsallake wannan siraɗin. Gyaran da aka yi wa dokar daga baya ya ba mai mota dama, in an tara masa biya uku ba a kawo ba, ya ɗauke ta ya killace har kotu ta yi hukunci, amma bai ba shi damar ya sayar da ita ya haɗiye gumin yaro ba. Sai dai fa duk wannan kariya a kan hujja take tsayuwa. Wanda bai karɓi rasit ba, da me zai nuna wa alƙali ya kai kashi uku cikin biyar?

Ta fuskar Shari'a kuwa, ɓarnar ta fi yawa a wajen cuɗanya haya da ciniki. Ranar da inji ya buga, ko ɓarayin daji suka tare hanya suka ƙona motar, sai mai ita ya ce ai sayar maka na yi, asara taka ce, ci gaba da biya. Ranar da direba ya kwanta ciwo ya kasa kai balas, sai ya ce ai haya na ba ka, kawo makullina, abin da ka biya kuɗin haya ne. Ya ci nan, ya ci can. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta kuma yanke cewa ba ya halatta a ɗora haya da ciniki a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya. In haya ce ta zama haya ta gaskiya, asarar da ba ta sakacin direba ba da manyan gyare-gyare suna wuyan mai mota, sannan mallakarwa ta zo da nata ƙullin daban, ko ta ciniki ko ta kyauta. In kuwa ciniki ne na bashi, to mafi yawan malamai sun halatta kuɗin ajali ya ɗara na kuɗi hannu in an yanke shi tun farko, amma ƙarin da ake ɗorawa don an yi lattin biya riba ce tsagwaronta, ko da an raɗa mata suna tara.

To a ce Allah ya taimaka an kai biya na ƙarshe. A wannan rana ce ake yin sakacin da ya fi kowanne. Ana murna, a yi addu'a, a watse, asalin takardu kuwa suna can cikin akwatin Alhaji da sunansa a kai. Bai kamata ɗan uwa ya bar wurin ba sai da takardar da ke cewa an gama biya babu sauran bashi, da lambar mota da lambar inji a jiki, da sa hannun shaidu biyu, tare da asalin rasit da takardar kwastan da takardar shaidar mallaka. Alhaji mutumin kirki ne, babu musu, amma Alhaji zai mutu, magadansa kuma abin da suka tarar a akwati shi za su raba.

Sai a zo kan miƙa wa ɗan uwa, wanda shi ne inda zumunci ke karyewa. Yaya ya jefa wa ƙane makulli ya ce, ga ta nan ka riƙa neman abinci. Wannan magana tana ɗaukar fuska huɗu: ko kyauta ce, ko aro ne, ko aiki ne za a riƙa raba abin da aka samu, ko kuwa sabon bashi ne. Ƙane ya ji kyauta, matar yaya ta ji aro, mahaifiya ta ji motar gida ce ta kowa da kowa. Kunya ta hana a tambaya. Shekara uku ana lafiya, sai ranar da aka kawo gawar yayan daga bakin daga.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na ƙasar nan ke hukunci da ita, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma ƙarƙashin ikonsa. In mai kyautar ya rasu kafin haka, ta koma gado. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar (RA) ya ba 'yarsa Nana A'isha (RA) dabino wasaƙi 20 daga gonarsa, ba ta kai ga girbewa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya sanar da ita cewa tunda ba ta karɓe ba, yanzu dukiyar magada ce. Wannan fa Siddiƙu ne da Uwar Muminai, babu zargi babu rashin yarda a tsakaninsu, amma hukunci bai bar su ba. To ina ga ƙanen da makulli ke hannunsa, takarda na ɗauke da sunan yaya, kuma yana ɗan kai wa gidan yayan wani abu duk wata? Alƙali zai tambaye shi, wannan abin da kake kaiwa ihsani ne ko balas? In babu shaidu, marayu za su taso suna ganin baffansu ya cinye musu mota, shi kuma yana ganin an yi masa butulci bayan shi ya sha ranar hanya.

Mai bayarwa ma ya yi wa kansa hisabi kafin ya buɗe baki. In kyauta ya yi wa ɗan uwansa ya kuma karɓa, to ba shi da ikon dawowa ranar da aka saɓa ya ce a ajiye masa makullinsa. A Malikiyya iyaye ne kawai aka ba damar janye kyautar da suka yi wa ɗansu, ita ma da sharuɗɗa. Manzon Allah (S) ya kamanta mai komawa wa kyautarsa da karen da ke komawa wa amansa. In kuwa uba ne zai ba ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ya tuna da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir (RA), wanda Manzon Allah (S) ya ƙi yi masa shaida a kan kyautar da ya keɓe ɗa guda da ita. Akwai kuma masu juya sunan mota zuwa na ƙane don su ɓoye ta daga masu bin su bashi, ko don su hana 'ya'ya mata gado. Wannan sunansa ha'inci, ko an buga masa hatimi goma.

Ƙasar Zuru tana da wani hali da ya ƙara wa wannan magana nauyi. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sai a sami Musulmi a sami Kirista. Gado ba ya gudana tsakanin addini biyu, amma kyauta tana gudana. Sayyidina Umar (RA) ya aika wa wani ɗan uwansa a Makka da tufafi tun bai musulunta ba. Saboda haka Musulmin da ya yi niyyar taimaka wa ƙanensa Kirista da mota, in bai kammala kyautar yana raye ba, bai kuma yi masa wasiyya cikin sulusi ba, ranar rabon gado ƙanen nan zai tashi hannu rabbana, kuma abin da zai riƙe a ransa shi ne Musulunci ne ya ƙwace masa, alhali sakacin yayansa ne.

Wasu za su ce rubutu tsakanin 'yan uwa alamar rashin yarda ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta fara sauka, waɗanda suka fi kowa amana. Wasu kuma za su ce canjin suna kuɗi ne da zirga-zirga, daga kotu a yi takardar rantsuwa, zuwa wajen 'yan sanda, zuwa ofishin lasin. Gaskiya ne, kuma akwai masu jiran na goro a kowace ƙofa. Amma a yankin da matsalar ɓarayin daji a Danko-Wasagu da Sakaba ta sa shingayen bincike suka yawaita, direban da sunansa bai yi daidai da na takarda ba yana iya kwana a bayan kanta kafin a gano gaskiyarsa. In kuma aka kama motar da man fetur ko abinci za a shiga da shi daji, ko ta buge mutum direba ya gudu, sunan da ke takarda shi za a fara nema, ko da mai sunan yana Fatakwal bai san hawa ba bai san sauka ba.

Zama ɗaya bayan sallar La'asar ya isa. A kira limamin unguwa da dattijo ɗaya daga dangi, matar mai bayarwa ta sani, mahaifiya ta ji da kunnenta. Mai bayarwa ya faɗa da bakinsa ko kyauta ce ko aro ko aiki, a rubuta da Hausar da kowa zai gane, da kwanan wata da lambar mota, kowa ya riƙe kwafi. In kyauta ce a miƙa makulli da takardu gaba ɗaya a wurin, balas kuma ya tsaya daga ranar. Kuɗin canjin suna ma a faɗi wanda zai biya, yayan ko ƙanen, da watan da za a je ofishin lasin, a sa a cikin takardar.