Garin Neman Gira Mun Rasa Ido

Yau makonni uku ke nan wata tsohuwar Vespa tana jingine a bayan ɗakin kwananmu, ƙura ta lulluɓe ta. Mahaifin abokinmu ne ya saye ta da kuɗin Udoji a 1975, ta yi shekaru kusan hamsin tana bauta ba ta gaza ba. Mu ne, 'yan boko huɗu, muka kwantar da ita cikin rabin sa'a.

Ga yadda aka yi. Ta fara wahalar tashi da safe, muka ce ai fulogi ne, don me za a ba bakanike kuɗi? Muka sayo sabo, muka ɗora shi a karkace, muka kama shi da sufana. Da ya cije, maimakon mu tsaya, sai muka ƙara ƙarfi. Abin da ba mu sani ba shi ne, fulogi ƙarfe ne mai tauri, kan injin kuwa alminiyum ne mai laushi. Nan take haƙoran ramin suka zube. Yaron gareji ɗan shekara goma sha biyu ya san cewa da yatsu ake fara murza fulogi, a kan inji mai sanyi, sai ya zauna daidai kana a ɗauko sufana. Mu da muke haddace littattafai ba mu sani ba.

Wasu za su ce maganinmu ke nan, ɗan makaranta ya tsaya ga alƙalaminsa. Wannan magana ba mu yarda da ita ba ko kaɗan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zame wa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ƙarfen ƙafa, kuma duk mai abin hawa dole ya san yadda zai kula da shi. Laifinmu ba taɓa inji ba ne. Laifinmu girman kai, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya. Mun raina bakanike saboda baƙin mai a rigarsa, mun ɗauka takardar sakandare ta ishe mu sanin abin da ya kwashe shekaru yana koyo a gaban maigidansa.

Amma ba mu kaɗai za a tuhuma ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ta yi alkawarin koya wa yara aikin hannu a ƙaramar sakandare. Aka shigo da kayan aiki daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malamai. Mu da muka zo daga baya, a allo muka ga hoton sufana. Ina amfanin ilmin da zai bayyana maka yadda inji yake ƙona mai, amma ya bar ka kana tura babur a rana?

To, wanda ya faɗa irin ramin da muka faɗa, ga shawara. Da farko ya tsaya, kada ya sake gwada ƙarfi, domin ɓarna ta biyu ta fi ta farko tsada. Ya tattara duk abin da ya kwance, har ƙaramin noti. Ya je gareji ya faɗi gaskiyar abin da ya aikata, kada ya ce haka kawai ta mutu, don wanda ya ɓoye ciwonsa shi ya ɓoye maganinsa. Ya tambaya ko ramin zai sassaƙu a sa masa sabbin haƙora, kafin ya ruga Kofar Ruwa ko Panteka neman wani kan injin. A yi ciniki kafin aiki. Sa'an nan ya cire babbar riga, ya tsuguna ya kalli yadda ake yi.

Muna kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, wadda ba ta rasa kuɗin liyafa, ta gayyato kanikawa su riƙa koya mana gyara ko sau ɗaya a zango, a biya su haƙƙinsu, a kira su malamai, domin malaman ne.

Gobe da sassafe za mu tura Vespar nan zuwa gareji, mu huɗu, a idon kowa. Mai dariya ya yi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ƙin tambaya ya fi su duka.