Haɗarin Kano na 1973 da tambayar da maniyyata ba sa yi

Duk shekara in aka fara shirin Hajji, daga Yamai zuwa Garwa da Tamale, magana ɗaya ce ke cika gari: nawa ne kuɗin kujera? Da wuya ka ji maniyyaci ya tambayi jirgin wa zai hau. Abin da ya faru a Kano ranar 22 ga Janairun 1973 ya isa ya sa a riƙa tambaya.

A ranar, jirgi ƙirar Boeing 707 ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a can, aka karkatar da shi Kano, inda hazo da iska suka tare shi. Wajen sauka ƙafafunsa suka karye, ya juya ya bar titi, wuta ta kama. Cikin mutum 202, 26 kaɗai suka tsira. Mutum 176 suka rasu, adadin da a lokacin ba a taɓa rasa irinsa a haɗarin jirgin sama ɗaya ba a duniya. Jirgin kuwa na kamfanin Alia ne na ƙasar Jodan, Nigeria Airways ya yi hayarsa don jigilar alhazai.

Haya ba laifi ba ce. Babu kamfani a yankinmu da zai ajiye manyan jirage shekara guda don aikin makonni kaɗan. Matsalar ita ce alhakin yakan rarrabu: mai sayar da kujera daban, mai jirgi daban, hukumar da ke duba lafiyarsa tana wata nahiya.

Haɗarin Jidda na 11 ga Yulin 1991 ya fi fito da wannan fili. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, shi ma na haya, ya tashi da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya gano tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an san da haka, amma aka ƙi jinkirta tashi. Tayoyin suka fashe a kan titi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta. Duka mutum 261 suka rasu. A nan ba hazo, gaggawa ce kawai.

Jiragen yau sun fi na wancan zamani aminci nesa ba kusa ba, amma gaggawar tana nan, domin Saudiyya na da ranar rufe karɓar alhazai, kuɗi kuma kan makara. Shi ya sa ya kamata COHO a Nijar, NAHCON a Najeriya da takwarorinsu su riƙa bayyana, tun kafin a biya kuɗi, ainihin mai kowane jirgi, ƙasar da aka yi masa rajista, da wanda ke da ikon cewa yau ba za a tashi ba.