Cinikin Tsofaffin Bawul Na Rediyo

Tun da aka ƙago tiransista a Amurka cikin 1947, kasuwar bawul ɗin gilashi na akwatin rediyo ta yi ta ja da baya. Amma yau masu sha'awar sauti a Turai da Amurka suna sayen tsofaffin da ba a taɓa kunnawa ba, irin na Mullard da Telefunken, da tsada ƙwarai, wai muryarsu ta fi daɗi.

Ba mu ga laifin cinikin ba. Abin da mu ke ƙi shi ne algus, don waɗansu kan buga sunan tsohon kamfani a jikin sabon bawul. Lalle mai sayarwa ya gwada kowanne a na'ura, ya rubuta wa mai saye abin da ya gani.