Kafin a Ce "Sai Fomatin", a Duba Taswirar Faifai

Akwai hukuncin da masu gyaran kwamfuta ke saurin yankewa: mutum ya ɗora Linux kusa da Windows, ya kunna, Windows ta ƙi tashi, sai a ce masa sabuwar manhajar ta cinye tsohuwar, ba abin da ya rage sai fomatin. A ganina wannan hukunci zalunci ne, domin sau da yawa fayilolin na nan daram, kuma fomatin ɗin ne ke hallaka su.

A can baya, kwamfuta tana nemo wuri a faifan ajiya da lambobi uku: silinda, kan karatu, da sekta. Wannan shi ake kira siffar faifai. Tsarin BIOS ba ya ƙirga silinda fiye da 1024 ko sekta fiye da 63, tsarin ATA kuma ba ya sanin kai fiye da 16. Idan aka haɗa iyakokin biyu, a kan sekta mai bayit 512, faifai ba zai wuce megabayit 528 ba. Da faifai ya girmi wannan awo, sai aka koya wa BIOS ƙarya: ta rage yawan silinda, ta ce kawuna 255 ne, alhali babu faifan da ke da su. Dabarar ta kai iyakar zuwa kusan gigabayit 8.4. Tun daga nan siffar faifai ta zama labarin da aka yi ittifaƙi a kansa kawai.

Ƙarya kuwa fure take, ba ta 'ya'ya. Muddin babbar manhaja ɗaya ce a faifai, ba mai tona asiri. Ranar da ta biyu ta shigo da nata lissafin, ranar rikici ke tashi. Haka ta faru a 2004, lokacin da Fedora Core 2 ta fito da kwayar Linux ta 2.6, wadda ta daina hasashen siffar da BIOS ke amfani da ita. Manhajar raba faifai ta sake rubuta teburin rabo da lissafin kawuna 16 maimakon 255, sai Windows XP ta nemi fayilolin tashinta a inda ba sa nan, ta tsaya cik. Teburin nan bayit 64 ne kacal a cikin sektar farko. Gyaran shi ne a sake rubuta shi da manhajar sfdisk a kan kawuna 255, ko a wasu kwamfutocin a juya BIOS zuwa tsarin LBA, mai bai wa kowace sekta lamba ɗaya jere. Wanda ya yi fomatin a lokacin ya rushe gidansa ne saboda an yi kuskure a takardar fili.

Za a ce laifin Fedora ne, kuma da gaskiya a ciki: bai kamata manhaja ta taɓa abin da ba a sa ta ba. Amma wannan bai wanke mai goge faifai ba. Za a kuma ce tsohon zance ne, tunda GPT da UEFI sun maye gurbin wancan tsari, kuma ba mai ƙirga silinda yau. To, a watan Agustan 2024 wani sabuntawar tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu, duk da kamfanin ya ce ba zai shafe su ba. A wannan karon Linux ce ta kwanta, Windows ta tashi. Sanadin ya bambanta, amma yanayin ɗaya ne: ƙofar shiga ta toshe, kayan ɗaki ba abin da ya same su.

Abin da ke ba ni haushi shi ne waɗanda ke biyan kuɗin wannan gaggawa: ɗalibin da kundin digirinsa ke ciki, akawun da lissafin shekara ke hannunsa, lauyan da ya tara takardun shari'a. Fomatin aikin awa ɗaya ne, ga shi ba ya bukatar tunani, shi ya sa ya zama maganin kowace cuta. Bincike kuwa yana cin lokaci, kuma ba kowane mai shago ke son zama a kansa ba.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka ɗora manhaja ta biyu, kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai, ka kuma adana kwafin teburin rabo. Ka tabbatar manhajojin biyu a tsari ɗaya aka ɗora su, ko duka UEFI ko duka tsohon BIOS. Idan kuma ɗaya ta ƙi tashi, ka tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux, ka leƙa faifan da idonka. Mai gyaran da ya ambaci fomatin bai yi wannan ba, karɓi kwamfutarka ka nemi wani.